Godiyata ga waɗanda suka riƙe ni a Sallar da na yi babu yaron nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ba mai yawan rubutu ba ce a nan, iyakata in duba hotunan jikoki in wuce, amma tun da aka gama Babbar Sallah maganar nan take cina a rai, na ga in na ce sai na bi gida gida na yi godiya ƙafata ba za ta kai ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Da farko iyayena mata ku yi min afuwa. Na san ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, ni ma haka na tashi kuma har yau ban taɓa faɗin sunansa da bakina ba, sai dai in ce yaron nan ko yayansu. Amma wallahi kunya baki kawai take rufewa, zuciya tana nan tana aikinta. Tun 2021 da ya tafi Defo, wajen horar da sababbin sojoji a Zariya, ya dawo da kai a aske, ya rame ya yi baƙi, aka tura su Barno, ban ƙara yin barci irin na da ba. Yanzu suna can wajen Monguno. Sallah uku ke nan ba ya gida, sai dai ta bana ta fi min zafi don ita ce ya ce min Inna in sha Allahu za a ba ni fas, wato izinin zuwa gida, ki sa a gyara min ɗakina. Na sa aka share, aka yi daɓe, har zanin gado sabo na shimfiɗa. Ya turo kuɗin rago na je wajen mai POS na cira, ƙanin marigayi babansu ya je Gujungu ranar Lahadi ya kamo mana wani fari mai baƙin kai. Saura kwana uku Sallah ya kira, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce Inna ki yi haƙuri an hana kowa motsi. Na ce ba komai Allah ya tsare. Daga wannan kiran kuma shiru, wayarsa ta daina shiga har kwana tara.

Wanda bai da ɗa a daji ba zai gane me kwana tara yake nufi ba. Da asuba in kunna rediyo, da an ce jihar Barno sai in ji cikina ya juya, in rage murya kamar in na rage labarin zai canza. Waya kuwa a ɗaure take a bakin zanina, ko banɗaki zan shiga sai na ɗora ta kan katanga.

Ranar Sallah na dawo daga Idi na tarar da ragon a ɗaure jikin darbejiya yana kallona. Tun rasuwar Malam yaron nan ne yake tsayawa a kan yanka duk sanda yake gari, shi yake fiɗa, shi yake ciro hanta ya ce a fara soya wa Inna. 'Yan matan duk suna gidajen mazajensu, sai washegari za su zo, auta ya bi abokansa Ringim kallon hawa. Gida tsit, ana ta kabbara a waje, yara na wucewa da sababbin kaya. Na shiga ɗakin da na gyara masa na zauna bakin gado, to a nan ne fa na kasa.

Godiyata ta farko ga abokiyar zamana ce. Shekara ashirin da wani abu muna gida ɗaya, mun yi daɗi mun yi akasinsa kamar kowa, amma ranar nan ta ɗaga labule ta gan ni, ba ta ce min uffan ba, ba ta ce ki yi haƙuri ba, ba ta ambaci yaron ba don ta san ba zan iya amsawa ba. Cewa kawai ta yi, Yaya taso ki duba min gishirin miyar nan ni bakina ya mutu. Ƙarya take yi, miyarta ba ta taɓa neman gyara ba. Na tashi na bi ta. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, Allah ya raya miki naki.

Sai samarin layinmu, abokan da suka taso tare. Ban aika wa kowa ba, ban san wa ya faɗa musu ba, sai ga su su biyar da wuƙaƙensu da tabarma, liman ya zo ya yanka, suka fiɗe tsaf suka wanke kayan ciki, ɗaya daga cikinsu ya ciro hantar ya miƙo min ya ce Inna a fara da taki kamar yadda aka saba. Na juya baya don kar su ga fuskata. Su ɗin ne dai da ruwa ya sauka suka kai shanu gonarsa ta bayan makaranta suka yi huɗa, aka shuka gero, ko kuɗin goro sun ƙi karɓa. Ku 'ya'yana ne, Allah ya ba ku masu yi muku.

Ina godiya ta musamman ga tsohon sojan nan na unguwar gabas da muke ce wa Baba Saje. Rana ta biyu ta Sallah da la'asar ya dogaro sandarsa ya zo ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni. Ya ba ni labarin lokacin da aka kai su Laberiya aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya ce su a zamaninsu wasiƙa ce, sai ta yi watanni kafin ta iso, mahaifiyarsa har ta fara cire rai. Ya ce shiru a wajen soja yawanci rashin sabis ne ko an hana kunna waya, in da mugun labari ne ba ya daɗewa bai iso ba. Kuma ya ja min kunne kan abubuwan da ni ban sani ba ina yi. Ya ce in ya kira kar in tambaye shi kuna ina yanzu ko yaushe za ku fita, kar a sa hotonsa da kaki a Facebook, kar in tare shi da ƙorafin gida, rufin da yake yoyo da rigimar gona duk a bari sai ya dawo, mai tsaron dare ba a ɗora masa tunani. Ya ce ki ba shi labarin akuyarki ta haihu, ki gaya masa an yi ruwa. Baba na riƙe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ban manta da yaron mai cajin waya na bakin kasuwa ba, wanda duk cunkoson Sallah yake cire ta wani ya sa tawa. Shi ya koya min in riƙa ɗaukar murya a WhatsApp ina turawa ko ba sabis a can, ya ce tana nan ajiye, ranar da ya samu za ta shiga gaba ɗaya. Kuma shi ya hana ni kallon bidiyon nan da ake ta yawo da su, ya nuna min wani da aka ce na jiya ne ashe ya shekara uku. Dan Allah masu turawa ku ji tsoron Allah, akwai uwa a ƙarshen wayar nan.

Matan Islamiyyarmu da kuka zo muka kwana biyu kan kasko, muka soya muka daka dambun nama, na gode. A cikinku na gano mu huɗu ne ashe masu 'ya'ya a kaki a ɗan garin nan, ɗaya nata yana Zamfara, ɗaya ɗan sanda ne a kudu, kowa tana ta haɗiye nata ita kaɗai. Mun yi alkawarin haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar, wadda take da ɗa a nesa ƙofa a buɗe take. Da direban da ya karɓi ƙullin dambun da na aika wa yaron nan ya bi da shi ta Azare da Potiskum da Damaturu har Maiduguri ya damƙa a hannun wanda zai ƙarasa da shi, ya ce kuɗin mota kuma a bar shi sadaka, Allah ya kiyaye maka hanya.

Rana ta tara da yin shirunsa ina tankaɗe wajen ƙarfe sha ɗaya wayar ta yi ƙara. Hannuna duk gari na ɗauka. Ya ce Inna barka da Sallah, lafiyata ƙalau, saƙonninki goma sha ɗaya duk sun shigo yanzu, na ji har kukan ragon. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, ka ci abinci? Minti uku ba mu yi ba ta yanke. Abokiyar zamana ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Shekaranjiya ya sake samuna ya ce ƙullin ya isa, sun zauna su takwas sun cinye dambun a dare ɗaya, wai akwai wani abokinsa ɗan Binuwai da ya ce a gaishe da Mama kuma a ƙaro yaji. Na riga na sa an dako, da ƙuli ƙuli da ɗan zuma. Ya ce maganar fas wataƙila sai wajen kaka, ban tambaye shi rana ba. Ɗakin yana nan yadda na gyara shi. In akwai mai tafiya Maiduguri cikin satin nan dan Allah ya yi wa auta magana.