Ɗinki ɗaya tak a kai

Jiya da daddare Umma ta sake tambayata, "Wai da gaske ba sai sun buɗe masa kai ba?" Na ce da gaske Umma. Ta yi shiru tana jan carbinta, ni kuma barci ya ƙaurace min, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ƙanina shekararsa 19, tun yana aji huɗu na firamare yake fama da farfaɗiya. Kafin ta zo sai ya ji wani abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ya tsaya cak yana tauna baki yana murza bakin rigarsa, ka yi ta kiran sunansa ba ya jin ka, wani lokacin kuma ta kai shi ƙasa. Ruƙiyya mun yi, rubutu ya sha, hayaƙi kam ba a magana, kafin muka dawo asibiti. Aka fara da carbamazepine, aka ƙara valproate, aka zo kan Keppra mai ɗan karen tsada, kuma wallahi yaron nan ba ya tsallake magani, alam biyu ne a wayarsa. Duk da haka sau uku ko huɗu a wata.

Likitan ƙwaƙwalwar ya ce idan an gwada magani biyu da suka dace, an sha yadda ya kamata, ciwon bai tsaya ba, to ta zama wadda ba ta jin magani, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon haka suke. Hoton MRI ya nuna tabo a wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira hipokamfas. Yana cewa tiyata Umma ta miƙe tsaye. Ya ce, "Hajiya zauna, ban gama ba."

Abin da ya faɗa mana shi ne aikin leza. Huda suke yi a ƙoƙon kai wadda ba ta wuce milimita 3 da 'yan kai ba, su zura siririyar waya mai ɗauke da haske har inda ciwon ke tasowa, sai a saka mutum cikin injin MRI, likita na kallon zafin wurin a kwamfuta yana ƙona daidai tabon, in zafi ya doshi lafiyayyen wuri injin lezar ya kashe kansa. A zare wayar, ɗinki ɗaya, kwana ɗaya ko biyu a sallame ka. A 2010 Dakta Daniel Curry ya fara yi wa yara masu farfaɗiya a asibitin yara na Texas da ke Houston a Amurka, kuma ya fi yin suna kan yaran da wani ƙari a can ƙasan ƙwaƙwalwa ke sa su ɓarkewa da dariya ba dalili, alhali ciwo ne. A Ingila ma yanzu ana yi a asibitin King's College da ke Landan da asibitin Walton Centre a Liverpool.

Amma fa ba kowa ake yi wa ba, kar wani ya karanta ya ajiye maganinsa don Allah. Sai an tabbatar daga ƙaramin wuri ɗaya ciwon ke tashi. A irin na ƙanina kusan shida cikin goma ne ke rabuwa da faɗuwa, tiyatar buɗe kai ta ɗan fi haka, sannan akwai haɗarin zubar jini ko taɓa gefen gani ko mantuwa. Ni dai duk da haka hankalina ya fi kwanciya da lezar, saboda na ga fuskar Umma ranar.

Likita ya ce aikin sai a waje, kuɗin kuma ko lissafinsa ban iya yi a gabanta ba. Yanzu dai gwajin EEG na kwanaki, mai auna aikin ƙwaƙwalwa, ne a gabanmu, za a kwantar da shi da wayoyi a kai da kyamara har sai ciwon ya tashi an ga daga ina yake fitowa. Da na yi masa bayani bai tambayi zafi ba, bai tambayi kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yaya, in an yi, za a bar ni na hau mashin?"