Ƙananan haɗurran da ba a rubutawa a ɗakin gwajin sinadarai

Lokacin da muke ɗalibai, maganar kariya ba ta wuce takarda ɗaya a jikin bango ba: sa farar riga, sa tabarau, kada ka ci abinci a ciki. Takardar ba ta isa ba, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a yarda da hakan.

A 1996 Farfesa Karen Wetterhahn ta kwalejin Dartmouth a Amurka ta sa safar hannu ta roba yadda ƙa'ida ta tanada. Ɗigo ɗaya ko biyu na wani mugun sinadarin zaiba ya zuba a kan safar. Sai bayan ciwo ya bayyana aka gwada, aka ga gubar tana ratsa robar cikin daƙiƙoƙi. Ta rasu a Yunin 1997, ba tare da ta karya wata doka ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jami'ar Texas Tech a Janairun 2010. An ƙayyade wa ɗalibai miligiram 100 na wani sinadari mai fashewa. Wani ya haɗa kusan giram 10, ya zuba kusan rabinsa a ɗan turmi yana murƙushe dunƙulen, abin ya tashi da yatsunsa uku. Rahoton hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka na 2011 ya nuna an taɓa tsallake rijiya da baya sau biyu a wurin, amma darasin bai kai ga na baya ba.

A nan bincike ya fi karkata yanzu: me ya sa mutane ke yin shiru kan haɗurran da suka same su? A binciken da mujallar Nature ta wallafa a farkon 2013, an tambayi masana kusan 2,400. Kashi 86 cikin ɗari suka ce wurin aikinsu lafiya lau, alhali kusan rabinsu sun taɓa jin rauni a can. A 2020 kuma Dana Ménard da John Trant na jami'ar Windsor a Kanada suka nuna babu wani cikakken kundi na haɗurran ɗakunan gwaji na jami'o'i.

Ni dai a wurin aikina na ga dalilin shirun da idona. Ɗalibi asid ya taɓa masa hannu, ya wanke a famfo ya ja hannun riga ya rufe, don yana tsoron malamin da zai sa hannu a kundin digirinsa. Kuma in oga ya shigo babu tabarau, wallahi kafin mako ya ƙare kowa ya ajiye nasa.

Shi ya sa muka ajiye littafi kusa da ƙofa, ba a rubuta suna, ba a hukunta kowa. Kwalba ba lakabi, sirinjin da ya kuɓuce, ɗauke wuta da ya tsayar da fankar zuƙe hayaƙi ana tsakar zuba asid, duk a ciki. Ranar Litinin muna karantawa tare kafin kowa ya taɓa kwalba.