Yadda sukari ke tada ƙwayar gadon insulin, da yadda yake danne ta

Masu ciwon sukari da yawa sun san cewa insulin ne ke sauke sukarin jini, amma kaɗan ne suka san cewa sukarin da kansa shi ke umartar jiki ya ƙera insulin ɗin. Aikin yana gudana ne a cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin beta, waɗanda ke zaune a 'yan tsibiran da Paul Langerhans ya gano a shekarar 1869 a cikin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi.

Idan mutum ya ci abinci, gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, ya shiga ƙwayar beta, sai sinadarin gulukokinas ya kama shi ya fara sarrafa shi, kuma da saurin wannan aiki ne ƙwayar ke gane yawan sukarin da ke yawo a jini. Cikin 'yan mintuna za ta saki insulin ɗin da ta adana. To amma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarewa zai yi. Shi ya sa saƙon ke zarcewa har cibiyar ƙwayar, inda ƙwayar gadon insulin, wato umarnin ƙera shi da mutum ya gada daga iyaye, take a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da bayanan gado. A can ne sunadarai uku, PDX1 da MafA da NeuroD1, ke haɗuwa su dafe a bakin ƙwayar gadon, su sa a yawaita kwafar umarnin ƙera insulin, wanda kan ɗauki sa'o'i kafin a ga tasirinsa. Muhimmancin PDX1 ya kai ga jaririn da ya gaji lalatacciyar ƙwayar gadon PDX1 daga uwa da uba ana iya haihuwarsa ba tare da fankiriyas ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa idan sukarin ya hau ya ƙi sauka na tsawon watanni ko shekaru. Ƙwayar beta ba ta da isassun sinadaran kariya irin su katalas, saboda haka gubar da ke fita daga yawan ƙona sukari tana taruwa a cikinta, MafA ya ragu, PDX1 ya kasa riƙe wurinsa, ƙera insulin ya ja baya a daidai lokacin da jiki ya fi buƙatarsa. Ƙarancin insulin kuma sai ya ƙara ɗaga sukarin.

A farkon ciwon sukari nau'i na 2, wani ɓangare na wannan rauni yana iya gyaruwa idan aka sauke sukarin da wuri, kuma wannan na cikin dalilan da likita kan ɗora sabon majinyaci a kan allurar insulin na ɗan lokaci, domin ƙwayoyin beta su samu sararin farfaɗowa.