Derayar na baya ga VTT, wanne talaka zai saya?

Salamu alaikum 'yan uwa masu keke. Maganar derayar na baya ce yau, dan karfen nan da ke rataye a tayar baya yana daga sarka daga wannan pinyo, wato faifan hakoran da ke jikin tayar baya, zuwa wancan. Anan Marwa ta Kamaru yawancin VTT din da muke hawa, wato keken hawan dutse, na gwanjo ne, kuma derayar ne farkon abin da ke lalacewa, ga kurar hunturu ga yashin mayo, wato kogi, in kuma mutum ya dau hanyar Mokolo ya shiga duwatsu sai a hankali.

Ni dai abin da nake fada wa kowa, tsadar derayar ba ita ce magana ba, dacewarsa da manet dinka, wato abin canza giya da ke hannun keke, ita ce magana. Manet ke jan kabul, kuma kowane kamfani da yawan kabul din da yake ja a kowace dannawa. Na Shimano masu bites (yawan giyar baya) 6, 7, 8 da 9 na VTT jansu daya ne, shi ya sa zaka iya daura derayar dinsu irin Altus ko Acera ko Alivio a kan tsohon manet mai bites 7 ya yi aiki lafiya lau. Amma daga bites 10 abin ya canza, in ka samu Deore mai 10 ko 11 da araha a wajen 'yan gwanjo ka daura shi kan manet mai 8, wallahi mai gyara zai wuni yana murda sukuru ba zai taba zama daidai ba, giya daya ta shiga biyu su tsallake. Haka SRAM irin X4 ko X5, manet dinsu suke so, ba sa tafiya da na Shimano. Har CUES din da Shimano suka fitar a 2023 shi ma nasa tsarin daban ne.

Sai ka kirga hakora. Duba babban pinyo na baya, yawanci an rubuta lambar a jikinsa, in ta goge ka kirga da yatsa. Tourney TY300 da Altus M310 suna daukar har hakora 34, ka wuce nan sai ka nemi wani. Akwai kuma lissafin tsawon kafa, wato karfen derayar da ke rike kananan tayoyi biyu: in gabanka, wajen feda, faranti uku ne masu hakora 42 da 34 da 24, ka debe 24 daga 42 ya rage 18, baya kuma 11 zuwa 32 ya ba da 21, ka hada 39 kenan, to derayar din dole ya iya hadiye 39 ko fiye, Altus din nan yana kai 43. Mai doguwar kafa wanda suke rubuta wa SGS shi ya dace da faranti uku, mai gajerar kafa sarka zata rika lilo a kananan giya.

Tsakanin Tourney da Altus ni Altus na zaba. Tourney ba laifi ga mai zuwa kasuwa da makaranta cikin gari, amma gabobinsa na saurin yin sako-sako in ana bin gargada kullum, karin kudin kuma ba wani mai yawa bane. Masu kulci da ke hana sarka bugun firam suna da dadi sosai a gangaren dutse, akwai microSHIFT Advent mai bites 9 da ba shi da tsada can, sai dai da manet dinsa ake sayensa, kudin ya karu kenan.

Jabu kam ya cika kasuwa, an rubuta Shimano baro-baro. Rike shi a hannu, kama kafar ka girgiza gefe da gefe, in sabo ne yana kas-kas ajiye musu abinsu. Juya shi ka nemi lambar RD da aka buga a jikin karfen, ja shi ka ji karfin sifirin, ka juya kananan tayoyin nan biyu masu hakora ka ga ko suna rawa. Na gwanjo na asali da bai lankwashe ba ya fi min sabon jabu nesa ba kusa ba.

Kuma don Allah kafin ka fitar da ko dala, tsuguna bayan keken ka kalli pat din, dan karfen da derayar ke daure a jikinsa. Keke ya fadi ta dama sau daya ya isa ya lankwasa shi, sai ka ga kananan tayoyin sun karkata ciki maimakon su mike karkashin pinyo. Abin na bani takaici in ga yaro ya tara kudinsa ya sayi sabon derayar alhali pat ne ko kabul da ya cika da kura. Wasu tsofaffin kekunan ma ba su da pat, sai Tourney mai kugiya da ke kama akis din taya, a duba wannan tun a gida.

In an daura sabo ka tsaya kan mai gyara ya saita sukurun L da kyau, shi ke hana derayar fadawa cikin wayoyin taya. Mai kuma kadan ake diga wa sarka a goge da tsumma, bakin man mashin da ake kwarara mata yashi kawai yake tarawa ya cinye hakoran.