Tsohuwar Motar Soja Ba a Kwance Mata Inji da Gaggawa

A garejinmu ba kowace mota muke karɓa ba. Masu ƙananan motocin zamani, waɗanda sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, mukan nuna musu maƙwabta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Namu aikin tsofaffin motocin da soja suka yi gwanjonsu ne, musamman Land Rover mai injin fetur lita 2.25, irin wadda har gobe za ka gani jefi-jefi tana fito da buhunan albasa daga fadamun Wurno da Goronyo, inda ƙaramar mota ba ta isa ta sa ƙafa ba.

A garin Solihull na Ingila aka fara ƙera Land Rover a 1948. Injin da nake magana a kai ya fito tare da Series II a 1958, ya zarce cikin Series III wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Ke nan ƙaramar cikinsu ta kai shekara 40. Duk da haka da wuya a kawo mani wadda injinta ya mutu da gaske. Silinda huɗu ne, ƙarfe ne zalla daga sama har ƙasa, ba ya gudu amma ba ya gajiya. Abin da ke kwantar da shi yawanci ƙaramin abu ne da ba a tsaya an duba ba, sai kuma kayan jabu, sai hannun wanda bai san motar ba.

Maigidan da ya koya mani, Allah ya jiƙansa, bakaniken soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, bayan ya ajiye kaki ya kafa rumfa a nan Sakkwato. Ina yaro aka kai ni wurinsa. Na daɗe aikina bai wuce wanke noti a cikin kananzir da miƙo sifana ba. In an kawo mota, ba ya barin kowa ya taɓa ta sai an tayar da ita ya zagaya ya saurara. Yakan ɗauki doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya runtse ido. Daga nan zai ce maka tafet ne ke ƙara, wato abin da ke danna bawul ya buɗe, ko sarƙar taimin ce ta saki, ko kuwa ƙarar daga ƙasa take, wajen karanshaf. In ya ga ɗayanmu ya rarumi sifana, sai ya daka masa tsawa: “Kai yaro, wa yac ce ma ka kwance? Tsaya ka ji abin da mota ka faɗi tukuna.” Tsarinsa ɗaya ne kuma shi nake bi har yau: a duba wuta, a duba mai, a duba iska, sai an wanke waɗannan uku daga zargi sannan a yi maganar buɗe inji.

Akwai wani Alhaji daga wajen Gwadabawa da ya jawo mana wata doguwar Land Rover Series III, mai tazarar inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, har da ragowar koren fentin soja a jikinta. Da safe bugu ɗaya take tashi. In rana ta take, an ɗan yi tafiya, sai ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. A bar ta ta huce, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya ce da ni: “Malam, wurare da dama munka kai ta, kowa cewa shikai injin ya ƙare, sai an sa fistin da zobe.” Na ce: “Ranka shi daɗe, injin da ya ƙare ba ya warkewa don ya huta a inuwa. A ba ni makulli mu hau ta tare.”

Irin wannan ciwon ba a gane shi a cikin rumfa, sai an kama shi yana faruwa. Muka bari sai bayan azahar, a cikin watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, muka miƙi hanyar Kware. Ba mu yi nisa ba ta fara halinta. Tana mutuwa na ɗaga bonet, na leƙa ɓangaren dama inda famfon mai yake. A ƙarƙashin famfon akwai ɗan kofin gilas da mai ke bi ta ciki, nan ruwa da datti ke kwanciya. Na danna ɗan hannun da ake buga mai da shi, sai ga kumfa tana tasowa a cikin gilas ɗin, ƙanana-ƙanana, ba ta yankewa. Ashe famfon yana zuƙar iska tare da fetur. Sannan na zare wayar tsakiya daga distirbuta, na riƙe ta kusa da jikin inji, na sa yaro ya buga. Wutar da ya kamata ta fito shuɗiya tana ƙara ƙyas-ƙyas, sai ga ta rawaya, siririya, tana yi tana ɗaukewa. Ciwo biyu ne a mota ɗaya, shi ya sa duk wanda ya gyara guda sai ɗayan ya ƙaryata shi.

Maganar iska, wanda bai san motar soja ba zai yi ta canza famfon mai har ya gaji. Ta soja tanki biyu gare ta, ɗaya a ƙarƙashin kujerar direba, ɗaya a ƙarƙashin ta mai zaman banza, da ɗan makunnin da ake murɗawa a zaɓi tankin da za a sha. A cikin makunnin nan akwai toshiyar kwalaba, wato irin ɓawon itacen nan mai laushi. In shekaru suka ja, ga zafinmu, sai ta bushe ta tsage. Fetur ba ya zuba a gani, domin ta wannan ɓangaren zuƙa ake yi, iska ce kawai ke samun hanya. Da muka koma gareji na kwance shi, toshiyar ta marmashe a tafin hannuna. Na yanka sabuwa daidai da ramukanta, na jiƙa ta da mai, na mayar.

Wutar kuwa kwandansa ce, ɗan abin da ke cikin distirbuta yana hana bakin kwantak, inda wuta ke haɗuwa ta yanke, ƙonewa. Sabuwa fil, ko wata biyu ba ta yi ba in ji Alhaji, a cikin kwali mai sunan kamfanin Lucas. Sunan ne kawai. Jabu ce, in ta yi sanyi ta yi aiki, in ta ɗau zafi ta saki, kuma ta riga ta ƙone bakin kwantak har ya yi rami a gefe guda, ƙurji a ɗaya gefen. Wannan shi ne babban abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya a sana'ar nan. Ka aika a kawo maka kaya, a rantse maka na asali ne, kwali ya yi kyau, rubutu ya yi kyau, ka ɗaura, bayan sati mota ta dawo, kuma sunanka ne zai ɓaci, ba na mai shago ba. Shi ya sa duk tsohuwar distirbutar da na samu ba na yar da ita. Ina da akwatin ƙarfe cike da kwandansa da rota da kwantak da na ciro daga motocin da aka yanka, kowace na gwada ta da zafi kafin in ajiye. Tsohuwar kwandansa ta asali ta fi mani sabuwar da ban san inda aka yi ta ba. Daga cikin akwatin nan na ɗauko wa Alhaji, na goge kwantak, na saita bakinsa da filageji tsakanin milimita 0.35 da 0.40, na duba wayoyin fulogi suna bin 1-3-4-2 yadda ya kamata.

Ana cikin haka na ga wani aikin da ya ɓata mani rai. Wannan motar irin wadda aka yi don ɗaukar rediyon soja ce, wutarta bolt 24, batir biyu a jere. Irinsu fulogoginsu daban ne, wayoyin a lulluɓe suke da ƙarfe kuma ɗaure su ake da zare kamar noti, don kada tartsatsin wuta ya dami rediyo, sannan akwai wani akwati da ke rage wutar kafin ta isa kwayil. Wani mai waya ya cire duk wannan ya zubar, ya sa kwayil ɗin bolt 12, ya jawo masa wuta daga batir ɗaya. Mota za ta tashi, amma batir guda na shan wahala, ɗayan na cika fiye da kima, kowane ɗan lokaci sai an sayi sabo ba a san dalili ba. In za a mayar da ita bolt 12, a mayar gaba ɗaya, da kik da altaneta da ƙwayayen fitila da geji. In za a bar ta a 24, a bar mata kayanta. Mun iya duka biyun, abin da ba ma yi shi ne rabi da rabi.

Da aka zo biya, Alhaji ya juya 'yar kwandansar a hannunsa ya ce: “Ashe ɗan abin ga na kawai? To mi za ni biya?” Na saba da wannan. Mutum ya yarda ya biya kuɗin fistin da zobe da gasket da ba ya bukata, saboda ya ga an baje inji a ƙasa, amma wanda ya hana shi wannan asarar sai a tsaya ana ciniki da shi kamar ana sayen tumatir. Na ce masa: “Ranka shi daɗe, ba kuɗin ƙarfen za ka biya ba, kuɗin sanin inda yake ne.” Ya yi dariya ya biya, kuma tun daga lokacin shi ke turo mana mutanen yankinsu.

Kafireto ma tana da nata hali. Na farko-farko Solex ce a kansu, daga baya aka koma Zenith 36IV. Ita Zenith, zafi kan sa murfinta ya ɗan lanƙwashe, kuma akwai wani zoben roba a cikinta da ke taurara. In haka ta faru sai mai ya riƙa tsiyaya ciki, salansa na baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, silo ya ƙi zama, ka murɗa sukurun saiti har ƙarshe inji bai ko canza murya ba. Yaran yanzu sai su ce a saya sabuwa, su kawo wata mara suna da ba ta kai rabin tsohuwar ba. Mu kwance ta muke. A shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilas, a riƙa goga fuskar murfin a hankali ana zagayawa, ana ɗagawa ana dubawa, har sai duk fuskar ta yi haske iri ɗaya, babu wani lungu da ya rage da duhu. Aikin haƙuri ne, yakan ci yini, kuma ba na ba wa yaro shi sai wanda na yarda da hannunsa. A sa sabon zobe, a saita fulot, a hura jet da iska. Ba a tsokaci jet da waya, faɗaɗa ramin take yi.

Sai matacin iska. Na motar nan mai wanka da baƙin mai ne, tukunya ce da ake zuba mai a gindinta, iska ta bi ta kai, ƙura ta maƙale. Don ƙasa irin tamu aka yi shi. Lokacin hunturu, in buji ya taso, buɗe gindin ka ga taɓon da ya tara, duk wannan da cikin silinda zai shiga. Amma sai ka ga an cire shi an jefar wai ya yi nauyi, an bar bakin kafireto a buɗe ko an ɗaura masa tsumma. Wannan injin kam zai ci zobe, kuma ba laifinsa ba ne. Haka masu cire tamostat da sunan maganin zafi. Zafin yana cikin lagireton da ya toshe da ruwan rijiya, ko fambel da ya saki, can za a nema.

In wuta da mai da iska duk sun fita, to sai mu ɗauko gejin matsi mu auna kowace silinda. Ko nan ma ba a yanke hukunci sai an duba tafet. Waɗannan injina an yi su ne lokacin da fetur ke da dalma a ciki, wadda ke kare mazaunin bawul. Da aka daina sa ta, bawul ɗin hayaƙi kan riƙa nutsewa a mazauninsa sannu a hankali, tazarar tafet ta rufe, in inji ya yi zafi bawul ya ƙi rufuwa sosai, ƙarfi ya tafi. Tazarar milimita 0.25 ce ga dukkan takwas ɗin. Maigidana da lissafin 9 ya koya mana, wato lambobin bawul biyun su haɗu su ba da 9: a juya inji da handil ta gaba, in bawul na 8 ya buɗe sosai a saita na 1, in na 7 ne a saita na 2, haka har a gama. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da matsin da aka ce ya tafi. In an saita bai dawo ba, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa. Ya tashi, zobe ne. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket. A nan ne kawai nake cewa a kawo sifana a sauke tof silinda, kuma sifanar inci, domin yawancin notocin motar nan ba na milimita ba ne, wanda ya matsa musu da ta milimita kawunansu zai cinye.

Masu sayen irin waɗannan motoci a gwanjo, ko wanda ya gaji ta mahaifinsa tana ajiye a kango shekara da shekaru, roƙona ɗaya ne: kada a sa mata batir a yi ta bugawa don a ji ko za ta tashi. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki, zobba sun kama jikin silinda, bugun farko ne ke karya su. A jawo ta yadda take. Za mu zare fulogi mu zuba mai ya kwana biyu yana jiƙa, mu juya da handil mu ji ko ta saki, mu wanke tankunan biyu, mu canza baƙin mai zuwa 20W50, sannan mu ba ta wuta. In da tsofaffin kayan da aka taɓa cire mata suna nan a gida, ko da sun yi tsatsa, a haɗo mana da su a buhu.