Kwalkwalin Haƙoran Aladen Daji a Waƙar Homa

Kusan wata biyu ke nan ina karanta Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa kan yaƙin birnin Taroi, a wayata bayan sallar isha'i, a shafin Perseus na Jami'ar Tufts da ke Amurka, inda aka ajiye matanin Girkanci da fassararsa kyauta ga kowa. Waƙar tana da baitoci fiye da 15,000 a babi 24, kuma ana jingina ta ga Homa, wanda galibin masana ke ganin ya rayu a wajejen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na shiga da kwaɗayin labarin dokin katakon da aka ci birnin Taroi da shi, sai na tarar babu shi a ciki, domin waƙar ta taƙaita ne ga 'yan makonni a shekara ta goma ta yaƙin, daga fushin Akilis, gwarzon Girkawa, kan kuyangar da jagoransu Agamemnon ya ƙwace masa zuwa jana'izar Hekta, gwarzon Taroi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ƙaramin abu ne a babi na 10, inda aka ba Odisiyos, ɗaya daga cikin jaruman Girkawa, kwalkwalin fata da aka jera wa fararen haƙoran aladen daji. Da farko na ɗauka adon mawaƙi ne kawai, amma da na bi diddigi sai na gano cewa masu haƙar kayan tarihi sun tono ragowar irinsa a kaburburan zamanin Maisiniya, wato zamanin tsoffin masarautun Girka da suka gabaci Homa, har da kabarin Dendra da aka haƙa a 1960, wanda aka samu sulken tagulla na kimanin shekara ta 1400 kafin haihuwar Annabi Isa a cikinsa. An daina sanya wannan kwalkwali ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Homa, kuma rubutun mutanen Maisiniya ya ɓace tare da fadojinsu a wajejen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ko da Michael Ventris ya warware rubutun a 1952, lissafin tumaki da man zaitun da ƙafafun karusa aka samu, ba waƙa ba. To, ta wace hanya siffar kwalkwalin ta iso bakin mawaƙin?

Amsar da ta gamsar da ni ta fito ne daga aikin Milman Parry, wani masanin waƙoƙin Homa, wanda tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi muryoyin mawaƙan baka a Yugoslabiya, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba amma suna rera dubban baitoci. Ya nuna cewa maimaita laƙabi, kamar kiran Akilis mai saurin ƙafa ko da yana zaune a tantinsa, tubali ne da mawaƙi ke cike ma'aunin baiti da shi, kuma gadonsa yake yi daga ubangidansa a sana'a. Duk wanda ya taɓa sauraron maroƙi yana wa basarake kirarin kakanninsa ba zai yi mamakin wannan ba, tun da a cikin kirari akan ji kalmomin da shi kansa maroƙin ba zai iya fassarawa ba.

Sai dai ban yarda a ɗauki waƙar a matsayin kundin tarihin mayaƙa ba, saboda zamunna sun cakuɗe a cikinta. Jaruman suna ƙona gawa alhali manyan Maisiniya binnewa suke yi, kuma suna hawan karusa zuwa fagen fama ne kawai, sa'annan su sauka su gwabza da ƙafa, kamar mawaƙin ya gaji sunan abin bai gaji amfaninsa ba. Da alama shi ma ya san kwalkwalin tsohon kaya ne, domin ya tsaya ya jero salsalarsa: Otolikos ne ya sato shi daga gidan Aminto, ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya zo ga Meriyonis, wanda ya ɗora shi a kan Odisiyos, jikan ɓarawon.