Ba kowace kwamfuta mai nauyi ce ke buƙatar formataj ba

Shagona yana nan Garwa, ba nisa da babbar kasuwa, gyaran kwamfuta nake yi ina ɗan sayar da caja da kle USB da su batir. Cikin mutum goma da ke shigo min da ordinatar a hannu, yawanci magana ɗaya ce a bakinsu, "Malam tayi nauyi, a yi mata formataj." Wallahi wannan kalma ta formataj, wato a goge komai a sake sa Windows, tana damuna, don sau da yawa ba can ciwon yake ba, kuma formataj ɗin nan ya sha raba mutane da abin da ba zasu ƙara samu ba.

Ni kaina da shi na fara. Farkon buɗe shago wani dattijo ya kawo min tasa, na goge komai na sa sabon Windows ban tambaye shi ko akwai abin ajiya a ciki ba, ashe hotunan aikin hajjinsa da na bikin 'yarsa duk a nan suke. Bai yi min faɗa ba, shiru kawai yayi yana kallon allon, sannan yace ba komai ɗana, Allah ya ƙaddara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun ranar ba na taɓa diskin kowa sai na kwashe kayansa a wani wuri tukuna.

Yanzu in an kawo min, abu na farko ina sa hannu ta gefen da iska ke fita. Mu nan ƙurar hunturu ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, kwamfuta ma wahala take sha kamar mu. In ka buɗe bayanta sai ka tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, iska ba hanya, shi kuwa processeur, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin kwamfutar, in zafi ya kai shi wajen digiri 90 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Toh ka ga wannan ko sau ɗari ka yi formataj ba abin da zai canja. Burushi mai laushi, a hure ƙurar, a goge tsohon man nan mai ruwan toka da ya bushe a kan processeur a shafa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, sai ka ji fankar da take kuka kamar injin niƙa tayi shiru. Kuma dan Allah a daina ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan iskar a ƙasa suke.

Na biyu sai in danna Ctrl, Shift da Esc tare, Gestionnaire des tâches, shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfutar, ya buɗe, tunda namu yawanci da Faransanci suke. A nan ake ganin gaskiya. In diski ya tsaya a 100% alhali ba a buɗe komai ba, to yawanci tsohon diski ne mai juyawa, irin mai zagaye 5400 a minti ɗaya, wanda da kyar yake karanta megabait 100 a daƙiƙa, shi kuwa SSD, sabon nau'in diski, na SATA yana kai 500 kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya jira. Kwamfutocin okaziyon, wato na hannu, da ake hawo mana da su daga Duwala, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, injinsu lafiya lau, diskin ne kawai ya tsufa. Sa SSD shine aikin da na fi jin daɗinsa a sana'ar nan, kwamfutar da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo bata gama tashi ba, sai ga ta ta tashi kafin ka gyara zama. Sai dai akwai na jabu a kasuwa, shi yasa nake gwada kowanne gaban mai shi.

RAM kuma, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, giga 4 yayi kaɗan yanzu, Chrome kaɗai zai cinye, in da hali a kai 8. A duba dai ko DDR3 ce ko DDR4, ba sa shiga ramin juna.

Sauran abin da ke kashe gudu mu muke jawo shi da hannunmu. Antibirus biyu ko uku a kwamfuta ɗaya suna ta kokawa da juna, ga tarkacen manhajoji da ke tashi tare da Windows, a shafin Démarrage ake kashe su, ga ƙwayar birus nan ta raccourci, mai ɓoye fayiloli, da ake kwasowa a kle wajen masu fotokopi. Defender da ya zo da Windows 10 da 11 ya isa in ana sabunta shi. Maganar sabuntawa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfutar, kuma in processeur ɗin na Intel ne sai daga ƙarni na 8 zuwa sama, don haka tsofaffin da basu kai ba nakan ba masu su shawarar Linux Mint, wani tsari da ake sawa a madadin Windows, in dai rubutu da intanet ne aikinsu, wasu su yarda wasu su ce basu saba ba, ba na tilasta kowa.

Watan jiya wata ɗaliba ta zo daga jami'a idonta yayi ja, memwar ɗinta na ƙarshe, wato rubutun binciken kammala karatu, yana cikin kwamfutarta, kwamfutar na ɗaukar kusan rabin awa kafin Word ya buɗe, wani ya ce mata formataj ne magani. Na kara kunne na ji diskin yana ƙas ƙas ƙas, CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, ya nuna rawaya, alamar ya kusa mutuwa, kuma batirinta ya daɗe da lalacewa, duk sanda aka ɗauke kuran sai ta mutu nan take, abin da ke cin diski kenan. Nace ƙanwata kar ki sake kunna ta, bar min ita. Ni da yarona muka cire diskin muka haɗa da wata kwamfutar muka dinga kwashe fayil ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i, wasu hotuna sun ƙi fita amma memwar ɗin ya fito cif. Washegari na sa mata SSD na giga 256, na sa ta tura kwafi ɗaya a imel ɗinta a gabana kafin ta fita daga shagon.